Ƙagaggun Harsuna da Yaranmu: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwa marubuta da masu kishin harshen Hausa a 'yan shekarun nan. Duk inda aka zauna ana muhawara kan harshen da ya kamata a koyar da yara da shi, sai ka ji wani ya tashi ya gyara murya ya ce ai kimiyya ta riga ta tabbatar da cewa mai jin harsuna biyu ya fi mai jin harshe ɗaya saurin kama nahawu, wai har cikin ƙwaƙwalwa an leƙa an gani. Sai a ɗauki tafi, a ce shi ke nan an rufe bakin 'yan adawa. Mu malaman makarantun sakandare, da muke wuni da alli a hannu a gaban yaran da ake maganar a kansu, wannan tafi yana damunmu ƙwarai. Muna sahun gaba wajen goyon bayan koyarwa da harshen uwa, kuma saboda hakan ne ma muka damu, domin hujjar da aka jingina maganar a kanta ba za ta iya ɗaukar nauyin da aka ɗora mata ba. Ranar da abokin hamayya ya gano haka, da ita zai kayar da mu. Don haka a yi haƙuri da abin da za mu faɗa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wane Irin Harshe Ake Ƙagawa?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san irin binciken da ake nufi. Fitattun gwaje-gwajen da aka yi kan wannan batu na nahawu an yi su ne da abin da za mu kira ƙagaggen harshe. Ba irin Esperanto muke nufi ba, wanda likitan ido Zamenhof ya fitar a birnin Warsaw a 1887 da burin ya haɗa kan duniya, har ya sami masu magana da shi. Haka kuma ya bambanta da zaurancen da muka yi muna yara, domin zaurance Hausa ce aka yi wa lulluɓi, nahawunta na nan daram, gaɓoɓi kawai ake cusawa ko a juya su. Ƙagaggen harshen ɗakin gwaji ɗan mitsitsi ne. Mai bincike zai zauna ya ƙirƙiro 'yan kalmomi da 'yan ƙa'idoji, ya koya wa mutane cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan, ya auna su, daga nan harshen ya gama aikinsa.

Dalilin yin haka mai ƙarfi ne, kuma kowane malami zai gane shi. A ce muna son mu san wanda ya fi saurin koyon Faransanci tsakanin ɗalibai biyu. Ɗaya yana da dangi a Maraɗi, kunnensa ya saba da harshen tun yana ƙarami. Ɗayan kuma mahaifinsa malami ne, gidansu cike da littattafai. Duk sakamakon da aka samu, ba mai iya rantsuwa ya ce ga musabbabinsa. Ga shi kuma koyon harshe na gaske shekaru yake ci, ba mai binciken da zai iya bin ɗalibi gida da kasuwa yana ƙirga kalmomin da suka shiga kunnensa. Amma idan jiya aka ƙagi harshen, ba wanda ya taɓa jin sa, to kowa zai fara daga sifiri, kuma mai bincike ya san adadin jimlolin da kowa ya ji.

Dabarar ta daɗe. Tun a 1925 wani Ba'amurke, Erwin Esper, ya ƙagi sunaye ya laƙaba wa wasu zane-zane masu launi daban-daban, don ya ga yadda mutane ke gano tsari a cikin suna. A 1967 Arthur Reber ya ba mutane jerin haruffa marasa ma'ana su haddace, bai gaya musu akwai ƙa'idar da ta tsara su ba. Da aka kawo musu sababbin jeri, sai ga shi suna iya rarrabe daidai da kuskure fiye da yadda cankon banza zai bayar, alhali sun kasa faɗin ƙa'idar da baki. A 1996 Saffran da Aslin da Newport na Jami'ar Rochester sun kunna wa jarirai 'yan wata 8 gaɓoɓi a jere ba tsayawa na minti 2 kacal, jariran suka nuna alamar sun gane inda kalma ta ƙare wata ta fara. A 2002 kuma, a birnin Leipzig na Jamus, Angela Friederici da abokan aikinta suka koya wa manya wani ƙagaggen harshe mai suna Brocanto, suka ga cewa bayan horo ƙwaƙwalwarsu tana amsa kuskuren nahawu kusan yadda ta ɗan asalin harshe ke yi. Saboda haka kada wani ya ɗauka raina aikin muke yi. Aiki ne na masu hankali, kuma ya amsa tambayoyin da aka gina shi dominsu.

Me Aka Gano Game da Masu Harsuna Biyu?

To, bari mu zo kan masu harsuna biyu, mu ga ko abin da ake faɗa a tarukanmu shi ne abin da ke cikin takardun.

A 1986 Nation da McLaughlin sun yi amfani da irin jerin haruffan Reber, suka kwatanta masu harshe ɗaya da masu biyu da masu harsuna da yawa. Waɗanda suka yi fice su ne masu harsuna da yawa, kuma a yanayi ɗaya kawai, wato inda ba a gaya wa kowa ya nemi ƙa'ida ba. Da aka ce kowa ya nemi ƙa'idar da gangan, sai bambancin ya ɓace. A 1990 Nayak da abokan aikinta suka sake gwadawa da wani ƙagaggen harshe, ba su sami fifiko na gaba ɗaya ba, sai dai sun lura masu harsuna da yawa sun fi iya sauya dabara gwargwadon aikin da aka ba su.

A 2009, a birnin Trieste na Italiya, Kovács da Mehler sun gwada jarirai 'yan wata 12. An kunna musu kalmomi masu gaɓa uku iri biyu: a iri na farko gaɓar farko da ta biyu ɗaya ne, a iri na biyu kuma ta farko da ta ƙarshe ne ɗaya. Kowane iri yana da gefen allon da ɗan abin wasa zai ɓullo, na'ura kuma tana bin idon jariri. Jariran da ake yi wa harsuna biyu a gida sun kama tsarin duka biyun, masu harshe ɗaya kuwa guda suka kama. Sakamako ne mai ban sha'awa, amma a lura cewa tsarin gaɓoɓi ne a wurin jarirai, bai kai ga nahawun jimla ba, balle darasin aji.

Wanda aka fi kafa hujja da shi, mai batun leƙa ƙwaƙwalwa, shi ne na Sarah Grey da abokan aikinta a Jami'ar Georgetown ta Amurka, wanda ya fito a 2017. Sun yi amfani da Brocanto2, harshen da Kara Morgan-Short ta tsara, mai kalmomi 13 da za a iya gina jimloli 1,404 da su, dukkansu a kan wani wasan dara na kwamfuta. An ɗauki ɗaliban jami'a 13 da suka tashi da Sinancin Mandarin da Turanci tun suna ƙanana, da wasu 16 masu Turanci kaɗai, aka horar da su cikin kimanin mako guda. An sanya musu wata hula mai wayoyi da ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Idan ɗan asalin harshe ya ji karyayyar jimla, kamar a ce mana "kasuwa Audu tafi ya", akan ga wani tudu ya bayyana a ma'aunin bayan kimanin kashi 6 cikin 10 na sakan, shi ake kira P600. Masu harsuna biyu sun nuna wannan tudu tun a matakin farko na koyo, masu harshe ɗaya kuwa sai a mataki na ƙarshe.

Amma ga abin da ba a faɗa a wurin tafi: da aka duba amsoshin da suka bayar, wato fahimta da furuci da rarrabe daidai da kuskure, babu bambanci tsakanin rukunonin biyu. A yarenmu na malamai, maki ɗaya suka ci. Su kansu masu binciken sun faɗi haka ƙarara, sun kuma ce hujjojin da ake da su a kan nahawu ba su da yawa. Su sun yi adalci. Mu ne muka ɗauki abin da suka auna da cokali muka sayar da shi a tiya.

Harshe Ne Ko Samfurin Harshe?

Matsala ta farko ita ce ƙanƙanta. Kalmomi 13, mutum 29, mako guda. Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da baƙo ke fuskanta idan ya zo koyon Hausa. Jam'in gida gidaje, na kare karnuka, na mota motoci, na ɗaki ɗakuna, na malami malamai, ba wata ƙa'ida guda da za ta fisshe shi. Daga saiwa ɗaya muna da saya da sayi da saye da sayo da sayar da sayu, kowace da inda ta dosa. Idan muka rubuta "Audu ya tafi", yana iya zama labari, yana iya zama umarni, tsawon wasali da karin sauti ne kawai ke rabawa. Wahalar nahawu na gaske tana cikin irin waɗannan tarkace ne, kuma su ne aka share daga ƙagaggen harshe don a sami tsabtar awo. Haka nan ba wanda ya taɓa jin kunya a Brocanto2, ba wanda 'yan aji suka yi wa dariya don ya yi kuskure a cikinsa, alhali duk malamin Turanci ya san tsoron dariya yana rufe bakin ɗalibi fiye da rashin sanin ƙa'ida.

Wani zai ce ai a 2016 Ettlinger da abokan aikinsa sun nuna cewa waɗanda suka yi ƙoƙari a ƙagaggen harshe sukan yi ƙoƙari a ajin Sifaniyanci. Gaskiya ne, kuma wannan ya nuna ma'aunin ba na banza ba ne. Sai dai ɗaliban jami'a ne a Amurka, masu koyon wani harshen Turai. Alaƙar da aka gani can ba ta zama lasisin yanke hukunci kan yaron Gumel ko na Gaya ba.

Filin Ba Shimfiɗaɗɗe Ba Ne

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa ganin ta. An ce amfanin ƙagaggen harshe shi ne kowa na farawa daga sifiri. To bari mu duba cikin Brocanto2. A cikinsa suna yana da jinsi, namiji ko mace. Sifa tana bin bayan suna, tana kuma dacewa da jinsinsa. Madanganci ma bayan suna yake zuwa, da siga biyu, ta namiji da ta mace. Aikatau kuwa yana zuwa ne bayan aikau da karɓau. Ga mai Turanci duk wannan baƙon abu ne. Amma Bahaushe fa? Ashe ba mu ne masu cewa yaro fari, yarinya fara ba? Ashe ba mu ne masu cewa yaron da yarinyar ba, madanganci a baya kuma da jinsinsa? Rabin nahawun wannan harshe da shi muka tashi. Shi kuma Babarbare, harshensa na ajiye aikatau ne a ƙarshen jimla. Wato yaron Maiduguri mai Barbarci da Hausa zai shiga ɗakin gwajin da kusan dukkan ƙa'idojin a aljihunsa. Idan ya yi fice, me za a ce ya jawo? Jin harsuna biyu ne, ko kuwa dacewar da aka yi harsunan nasa sun yi kama da abin da aka ƙaga?

Masu binciken Georgetown sun san wannan tarko, shi ya sa suka zaɓi masu Mandarin, domin shi da Turanci duk sun saɓa wa tsarin Brocanto2. Wannan ya nuna ƙwarewarsu, ya kuma nuna cewa da ma'aunin da sakamakon duk an ɗinka su ne daidai jikin waɗancan mutane.

A ɓangaren sauti kuma lamarin juyewa yake yi. Daga cikin kalmomin harshen akwai pleck da blom da praz da klin. Duk suna farawa da baƙaƙe biyu a manne, abin da Hausa ba ta yarda da shi ba, shi ya sa muke cewa burodi da firamare da bulo. Biyu daga cikinsu ma da harafin da muke mayarwa fa suke farawa, kamar yadda muka yi wa fensir da fasinja. Ɗalibinmu zai ɓata ƙarfinsa wajen kokawa da furuci, mai awo kuma ya rubuta cewa nahawu ne ya gagare shi. Duk wanda ya ƙagi harshe, da kunnen harshensa ya ƙage shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Wane Ne Mai Harshe Ɗaya a Wurinmu?

Matsala ta uku ita ce rabon mutane gida biyu. A Amurka, mai harshe ɗaya ɗalibin jami'a ne kamar abokinsa, shekarunsu ɗaya, karatunsu ɗaya, harshe kaɗai ya raba su. A wurinmu ina za a samo irin wannan? Babu ɗalibin sakandare mai harshe ɗaya zalla, domin kowa ya ɗan taɓa Turanci ko Faransanci. Mai harshe ɗaya a ƙasar Hausa galibi shi ne wanda bai shiga makarantar boko ba, shi ma ɗin mai yiwuwa ya yi ta allo, idonsa ya saba da rubutun Larabci. Idan aka kwatanta shi da ɗan sakandare, tasirin makaranta aka auna, aka laƙaba masa sunan harshe. A ɗaya gefen kuma, waɗanda suka fi kowa yawan harsuna a azuzuwanmu su ne 'ya'yan Tangale da Bura da Angas da Bachama da makamantansu, masu harshen gida da Hausa da Turanci, wani lokaci har da Fulatanci. Wannan rayuwa ta harsuna uku da huɗu, kowane da wurin da ake amfani da shi, ba ta da gurbi a cikin teburin da aka raba gida biyu.

Kuma su waɗancan ɗalibai 13 tun daga shimfiɗa suka tashi da harsunansu biyu, a ƙasar da Turanci ya cika titi da talabijin. Namu yaron yana haɗuwa da Turanci ne a aji, na 'yan sa'o'i, idan ya fita ƙofar makaranta ya bar shi nan sai gobe. Kiran su da suna ɗaya ba ya mayar da su abu ɗaya. Ba kuma ƙorafinmu ne mu kaɗai ba. A 2022 Kidd da Garcia sun duba manyan mujallu 4 na nazarin yadda yara ke koyon harshe, na tsawon shekaru 45, suka tarar harsuna 103 kacal aka taɓa yin rubutu a kansu daga cikin kimanin 7,000 na duniya, kuma fiye da rabin maƙalun a kan Turanci ne.

Kimiyyar Ma Tana Sauya Baki

Ya kamata kuma mu tuna tarihin wannan fage. A 1923 Saer ya auna yara a yankin Wales na Birtaniya, ya ce jin harsuna biyu na rikita hankalin yaran karkara. Shekaru da dama ana kafa hujja da irin wannan magana, ana kiran ta kimiyya, har aka gane ba a yi la'akari da bambancin halin gidajen yaran ba. A 1962 Peal da Lambert a birnin Montreal na Kanada suka juya akalar, suka ce masu Faransanci da Turanci ne suka fi. Daga nan aka shiga yabon harsuna biyu. Sai kuma a 2015 de Bruin da abokan aikinta suka nuna cewa, a batun fifikon kaifin tunani, binciken da ya sami fifiko ya fi samun shiga mujalla a kan wanda bai samu ba, wato abin da ke isowa gare mu tatacce ne. Wanda ya ɗaura haƙƙin yaransa a kan sakamakon bana, ya shirya kwance shi idan na baɗi ya zo da akasi. Haƙƙin yaro na ya fahimci abin da malaminsa ke faɗa ba ya jiran wani tudu ya bayyana a na'ura.

Ba Tambayarmu Aka Amsa Ba

A ce ma duk waɗannan matsaloli babu su. Har yanzu da sauran magana, domin tambayar da waɗancan gwaje-gwaje suka yi daban, tamu daban. Su suna tambaya ne: wanda ya riga ya mallaki harsuna biyu, yaya yake koyon na uku? Mu kuwa tambayarmu ita ce: yaro ɗan shekara 6 da bai san Turanci ba, da wane harshe za a koya masa karatu da lissafi? Amsar ta farko ba ta taɓa zama amsar ta biyu.

Abin takaici shi ne muna da hujjar da ta dace da tambayarmu, a cikin gidanmu, amma mun bar ta tana shan ƙura. Daga 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun gudanar da shirin koyar da yara da Yarabanci tsawon shekaru 6 na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi, aka kwatanta su da waɗanda aka koma da su Turanci a tsakiyar firamare. Yaran Yarabanci ba su gaza a Turanci ba, a wasu darussan ma sun zarce. A Nijar an fara makarantun gwaji masu harsuna biyu tun 1973 a Damagaram. Waɗannan ma suna da nasu raunin, domin makarantar gwaji takan sami kulawa da kayan aikin da sauran ba sa samu. Duk da haka yara ne na gaske, a aji na gaske, shekara da shekaru. Me ya sa za mu tsallake wannan mu je mu aro kalmomi 13?

Su Ma 'Yan Adawa Ba Su Tsira Ba

Kada masu cewa harshen uwa ne ke kashe ilimi su ɗauka mun koma ɓangarensu. Tun 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta tanadi fara karatu da harshen uwa ko na yankin. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa shi zuwa shekaru 6 na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan manufa, aka ce Turanci ne harshen koyarwa, bisa hujjar cewa ɗalibai na faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. To yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022, a 2025 ko firamare bai gama ba, yaushe ya zauna WAEC? Idan kuma tsohuwar manufar ake nufi, yankunan da ake kwatantawa sun bambanta a talauci da yawan ƙwararrun malamai da cunkoson aji da zaman lafiya. Ta yaya aka zare harshe shi kaɗai daga cikin wannan dami aka ce shi ne mai laifi? Wannan shi ne ainihin ruɗanin da aka ƙirƙiro ƙagaggen harshe don a kauce masa. Babban darasin da ke cikin waɗancan gwaje-gwaje shi ne ladabin awo: kada ka ce abu kaza ne sanadi sai ka daidaita sauran abubuwan. 'Yan adawa sun karya wannan ladabi, mu ma masu tafi mun karya shi. A tsallaken iyaka kuma, a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ana yanke manyan hukunce-hukunce kan harshe a ɓangarorin biyu, yaran da abin zai shafa kuwa miliyoyi ne, don haka wasa da hujja a irin wannan lokaci ganganci ne.

Mu Ɗinka Namu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maimakon aron sakamako, mu ari dabarar. Ba sai da hular wayoyi ba, Esper da Reber ba su da ita. Katin kwali da hotuna da rikoda sun isa. A ƙagi harshe mai kalmomi kamar 20, masu gaɓoɓin da bakin Bahaushe da na Babarbare duk za su iya furtawa ba wahala. A sa masa ƙa'idoji uku: jinsi, wanda Hausa ke da shi Barbarci ba shi da shi, aikatau a ƙarshe, wanda Barbarci ke da shi Hausa ba ta da shi, sai ta uku da masana suka tabbatar babu ita a Hausa ko Barbarci ko Turanci. A je makaranta ɗaya a Maiduguri, aji ɗaya, malami ɗaya, a ɗauki yaran da suka tashi da Hausa kaɗai a gida da waɗanda suka tashi da Barbarci da Hausa. Idan rukuni na biyu sun yi fice a ƙa'idar aikatau kawai, kamanni ne ya taimake su. Idan har a ta uku ma sun yi fice, to a nan za mu fara maganar cewa yawan harsuna shi kansa yana wasa kwanya. A maimaita a Yola da masu Fulatanci, a Yamai da masu Zabarmanci. A ƙagi wani kuma da karin sauti ke ɗauke da nahawunsa, mu ga yadda yaranmu za su yi da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan aiki bai fi ƙarfin sassan harsuna na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri da ta Abdou Moumouni ba, kuma mu malamai ga azuzuwanmu a buɗe. Ku kuma marubuta, da kuka saba ƙaga wa taurarin littattafanku sunaye da garuruwa, ba wanda ya fi ku kunnen gane kalmar da ta zauna daidai a baki, don haka da ku ya kamata a zauna wajen ƙirar kalmomin. Sharaɗi ɗaya muke gindayawa: duk abin da aka samu a buga shi da Hausa, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

Kafin wannan rana, muna roƙon duk wanda zai tashi a taro ya ce kimiyya ta tabbatar, ya faɗa mana wane bincike ne, mutum nawa aka auna, waɗanne harsuna suke ji, kuma wace tambaya aka yi musu. Idan ba zai iya ba, ya kawo mana Ife da Damagaram, ya kawo mana yaron da ke zaune a aji uku yana kwafar allo bai san abin da yake kwafa ba. Waɗannan hujjoji namu ne, kuma sun ishe mu tsayawa a gaban kowa.